ƘARAR SALANSA DA LAFIYAR MAI JUNA BIYU

Darasinmu na wannan fitowa zai yi magana ne a kan wani abu da yawancinmu ba mu ɗauke shi a matsayin matsalar lafiya ba, wato ƙarar ababen hawa, musamman manyan motoci irin su tirela da tifa da gingimari, da a-kori-kura, da kuma baburan da aka fasa wa salansa ko aka cire ta ɗungurungum.

A ɗakin awo, idan muka tambayi mata yadda suke samun barci, waɗanda gidajensu ke bakin babban titi, ko kusa da tasha, ko garejin manyan motoci, sukan yi kukan cewa da zarar barci ya ɗauke su sai rurin mota ya farkar da su. Wasu kuma mazajensu ne direbobin, motar a ƙofar gida take kwana, da asuba a tashe ta a bar ta tana ruri ana ɗumama inji. Tambayar da suka fi yi mana ita ce: "Sista, shin abin da ke cikina yana jin wannan ƙara? Za ta iya kurmantar da shi?" Wannan tambaya ce za mu amsa, sannan mu bayyana yadda ake gyara salansa mai ƙara, da abin da dokar ƙasa ta tanada. Muna roƙon uwargida ta karanta wannan darasi tare da maigida, domin rabin maganin yana hannunsa.

YADDA AKE AUNA ƘARA

Kamar yadda muke auna nauyinki da kilo, haka ake auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Raɗa a kunne takan kai kimanin desibel 30. Hirar mutum biyu a ɗaki kimanin 60 ce. Babbar mota idan ta wuce kusa da mutum takan kai 85 zuwa 90. Babur ko motar da aka cire wa salansa tana iya haura 100 idan aka taka totur.

Kada ƙanƙantar tazarar waɗannan lambobi ta ruɗe mu. Duk lokacin da ƙara ta ƙaru da desibel 10, kunne yakan ji kamar ta ninka sau biyu. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka mai suna NIOSH ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8 a rana. Idan ƙarar ta kai 88, lokacin ya ragu zuwa awa 4. Idan ta kai 91, awa 2. Idan ta kai 94, awa 1 kacal. Idan kuwa ta kai 100, minti 15 ne iyakar abin da kunne zai ɗauka a yini. Ke nan illar ƙara ta dogara ne a kan abu uku: ƙarfinta, da tsawon lokacin da aka ɗauka ana jin ta, da kusancin mutum da inda take fitowa.

Ba sai kina da na'ura ba kafin ki gane wurin da ƙara ta yi yawa. Ga gwaji mai sauƙi: idan mutum yana tsaye kusa da ke, tazarar miƙa hannu, amma sai kin ɗaga murya sosai kafin ya ji ki, to ƙarar wurin ta kai 85 ko ta wuce. Haka nan idan kin bar wuri kika ji kunnenki yana ƙugi, ko ya yi dum kamar an toshe shi, to kunnen ya wahala.

MENE NE AIKIN SALANSA?

Injin mota yana aiki ne ta hanyar ƙona mai. A kowane minti ana samun ƙananan fashe-fashe ɗaruruwa ko dubbai a cikinsa, kowace fashewa kuma tana turo hayaƙi mai zafi da ƙarfin gaske zuwa cikin bututu. Da za a bar hayaƙin nan ya fito kai tsaye, da kowace mota ta yi ƙara kamar ana harbi. Wannan ne dalilin da ya sa aka yi salansa.

Tukunyar salansa ba fanko ba ce. A cikinta akwai ɗakuna da bututai masu ƙananan huji, wasu kuma an cusa musu wani abu mai kama da auduga wanda ba ya cin wuta. Idan hayaƙi ya shiga, sai ya yi ta zagaye daga wannan ɗaki zuwa wancan, sautin yana karo da juna yana mutuwa, kafin ya fita ya yi laushi. Aikinta na biyu shi ne kai hayaƙin can nesa da inda mutane ke zaune a cikin mota.

Salansa takan fara ƙara ne saboda ɗayan waɗannan dalilai:

1. Tsatsa ta huda tukunyar ko bututun, ko kuma ramukan hanya sun fasa su.
2. Gasket ɗin da ke tsakanin inji da bututu ya ƙone, ko notuna sun kwance.
3. Robobin da ke riƙe bututun sun tsinke, yana lilo yana bugun jikin mota.
4. An cire abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, wanda ake samu a ƙananan motoci. Wasu kan cire shi ne su sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa.
5. An fasa ta da gangan. Wannan shi ne abin takaici. Wasu direbobi da matasa masu babura sukan kai wa mai walda ya yanke tukunyar ya fitar da kayan cikinta, ko ya maye gurbinta da miƙaƙƙen bututu, wai don mota ta ƙara ƙarfi, ko don a san sun shigo unguwa.

Ya kamata a sani, ƙara daban, ƙarfi daban. Kamfanin da ya ƙera motar ya auna salansar daidai da injin. Wanda ya fasa ta, ɗan abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, amma shi da ke zaune a kan injin daga safe zuwa dare shi ne na farko da kunnensa zai mutu.

ILLAR ƘARA GA ITA UWAR

Abu na farko da ƙara ke ƙwace wa mai ciki shi ne barci. Da ma can a watannin ƙarshe barci yakan yi wuya saboda nauyin ciki, da yawan fitsari, da ƙwannafi, da motsin yaro. Idan aka haɗa da rurin mota, sai ta wayi gari a gajiye, ga ciwon kai, ga saurin fushi, ga rashin cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun a shekarar 1999 cewa kada ƙarar cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30 da dare. A shekarar 2018 kuma, a ƙa'idojin da ta fitar domin ƙasashen Turai, ta ce a riƙe ƙarar motocin titi ƙasa da 45 da dare.

Wata za ta ce, "Ai ni na saba, ko tirela ta wuce ba na farkawa." Gaskiya ne mutum yakan saba har ya daina lura, amma kunne ba ya barci. Ko mutum bai buɗe ido ba, jiki yakan ɗauki ƙara mai ƙarfi a matsayin alamar haɗari, sai ya saki sinadaran firgita, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, jini ya ɗan hau. Idan wannan yana faruwa kowane dare, wata da watanni, yakan gajiyar da zuciya. An tabbatar da cewa daɗewa cikin ƙarar motoci yana ƙara haɗarin ciwon zuciya ga manya. Wasu bincike kuma sun nuna alaƙa tsakanin yawan ƙara da hawan jini na masu ciki.

A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci. Kada mai ciki ta ji ciwon kai mai tsanani ta ce ai ƙarar motoci ce ta zauna a gida. Ciwon kai bayan ciki ya wuce sati 20 yana iya zama alamar hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga, ciwon da ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan. Awo ne kaɗai zai raba gardama.

SHIN ƊAN TAYI YANA JI?

Ƙwarai kuwa, yana ji. Kunnen ɗan tayi yakan fara ginuwa tun farkon ciki. Zuwa sati 20 sashen kunne na can ciki ya kammala siffarsa, kuma daga wajen sati 24, wato cikin wata na shida, yakan fara amsa sauti. Shi ya sa mata da yawa kan ce sun ji yaro ya zabura lokacin da aka buga ƙofa ko aka danna hon kusa da su. Yana jin bugun zuciyarki, da kukan hanjinki, da muryarki, wadda ita ce ya fi sani bayan an haife shi.

Fatar ciki, da tsoka, da mahaifa, da ruwan da yake kwance a ciki, duk suna kare shi, amma ba daga kowane irin sauti ba. Siririn sauti mai tsini, irin na usur ko ihun yara, yakan ragu sosai kafin ya isa gare shi. Amma kakkauran sauti mai gurnani, irin wanda mutum ke ji a ƙirjinsa, yakan ratsa ciki kusan yadda yake. Rurin babbar mota mai fasasshiyar salansa yana cikin wannan rukuni na biyu. Wannan ne dalilin da ya sa muka ware shi da darasi na musamman.

A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000. Su ne ke mayar da sauti ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan lalata su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura ko ƙwaya da ke dawo da shi.

A shekarar 2016 an wallafa wani babban bincike daga ƙasar Suwidin, wanda ya bi diddigin yara sama da miliyan 1.4 da aka haifa tsakanin 1986 da 2008. An gano cewa yaran matan da suka yi aiki cikakken yini a wurare masu ƙarar desibel 85 ko fiye a lokacin da suke da ciki sun fi sauran fuskantar matsalar ji. Hukumar NIOSH ma tana shawartar masu ciki su guji wurin da ƙara ta kai 115, su kuma guji jingina jikinsu da injin da ke ruri ko karkarwa.

To, me wannan ke nufi gare ki? Ki kwantar da hankalinki. Tirelar da ta wuce ki a hanya, ko zaburar da yaro ya yi sau ɗaya ko biyu, ba za su kurmantar da shi ba. Waɗanda ya kamata su fi kula su ne masu daɗewa cikin ƙara kullum: mai sayar da abinci a tasha ko garejin manyan motoci, mai talla a bakin titi, mai aiki a injin niƙa ko markaɗe, da wadda ke yin doguwar tafiya a gaban babbar mota. Kuma a lura da kyau, idan uwa ta toshe kunnenta, kunnenta kawai ta kare. Toshiyar ba ta kai ga ɗan da ke ciki ba. Kariyarsa ita ce a matsa nesa, a rage lokaci, ko a kashe ƙarar daga tushenta.

HAYAƘIN DA BA A GANI

Salansar da ta fashe ba ƙara kaɗai take fitarwa ba. Duk inda sauti ya samu kafar fita, hayaƙi ma ya samu. Idan hujin yana ƙarƙashin mota ko kusa da inji, hayaƙin yakan shigo inda fasinja ke zaune. A cikinsa akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, musamman daga injin fetur. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai iskar da ke halaka iyalai idan aka kwana da janareta a cikin gida.

Wannan iska takan kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi har sama da sau 200. Tana ratsa mabiyiya ta isa ga ɗan tayi, kuma jininsa yakan riƙe ta fiye da na uwa, ya kuma daɗe bai rabu da ita ba. Saboda haka uwa tana iya jin ɗan jiri kawai, alhali yaron yana cikin wahala. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Haɗarin shi ne sun yi kama da laulayin ciki. Idan kin ji su a cikin mota, musamman idan sauran fasinjoji ma suna kuka da irinsu, a sauke gilasai, a tsaya, ki fita ki sha iska, sannan ki zo asibiti ko da kin ji sauƙi.

Hayaƙin man dizal da manyan motoci ke amfani da shi ma ba kanwar lasa ba ne. A shekarar 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da ke haddasa kansar huhu.

BAYAN AN HAIHU

Jariri yana kwashe mafi yawan yininsa yana barci, kuma a cikin barcin ne jikinsa da ƙwaƙwalwarsa ke girma. Ƙara mai ƙarfi takan firgita shi, ya watsa hannuwa ya fashe da kuka. Bakwaini ya fi kowa rauni, domin ƙara takan sauya bugun zuciyarsa da numfashinsa. Tun shekarar 1997 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada ƙarar ɗakin jinyar jarirai ta wuce desibel 45. Wannan ne ya sa muke roƙon 'yan dubiya su rage murya, direbobi kuma su daina danna hon a harabar asibiti.

Ranar suna ma a kula. Samari masu zuwa taya murna a kan babura suna murɗa totur a ƙofar gida, da manyan lasifikoki da ake girkawa a tsakar gida, ba su dace da gidan da ke da jinjiri ɗan kwana bakwai da mai jego ba. Kada kuma a cusa wa jariri auduga a kunne da sunan kariya. Ba ta tare ƙara, tana kuma iya maƙalewa a ciki. A ɗauke shi daga wurin shi ne daidai.

GA MAIGIDA: YADDA ZA A RAGE ƘARAR MOTA

Idan kai ne mai motar ko direbanta, ga matakan da za ka bi:

1. A nemo inda take yoyo. Idan inji ya huce, bakanike ya bi bututun tun daga inji har wutsiya. Baƙin tabon hayaƙi a mahaɗa ko a jikin tukunya shi ne alamar huji. Ƙarar tas-tas-tas daga wajen inji da sanyin safiya kan nuna gasket ne ya ƙone.
2. A yi gyaran da ya dace. Ƙaramin huji mai walda zai toshe shi. Amma tukunyar da tsatsa ta cinye, sauya ta za a yi. Ɗaure ta da gwangwani da waya ba ya kai ko'ina.
3. Idan da gangan aka fasa ta, ko aka sa miƙaƙƙen bututu, a mayar da irin wadda motar ta zo da ita, daidai girman injin. Idan an cire ƙaramar tukunyar da ke tsakiyar bututu, ita ma a mayar, domin ita ce ke kashe gurnanin da ke cika cikin mota.
4. A sauya robobin da suka tsinke, a ɗaure notuna.
5. A tabbatar bakin bututun ya fita waje sosai, ba ya hura hayaƙi ƙarƙashin mazaunin mutane.
6. A yi wa inji sabis a kan kari. Injin da ba shi da lafiya ya fi ƙara, ya fi hayaƙi, ya fi shan mai.

Bayan gyara, sai kuma ɗabi'a. Kada ka ajiye mota wutsiyarta na kallon tagar ɗakin maiɗakinka. Kada ka bar ta tana ruri a ƙofar gida ko a zaure. Idan ka tashe ta da asuba, ka ja ta a hankali ka bar unguwa kafin ka taka totur. Hon kuma na gargaɗi ne, ba na sallama ko kiran yara su buɗe ƙofa ba. Kuɗin tukunyar salansa bai kai na jinyar hawan jini ko na'urar taimaka wa ji ba. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.

ABIN DA DOKA TA CE

Mutane da yawa suna ɗauka cewa mutum yana da ikon yin abin da ya ga dama da motarsa. Ba haka ba ne. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli mai suna NESREA, kuma a shekarar 2009 aka fitar da dokar ƙayyade ƙara. Dokar ta raba yini biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuma daga 10 zuwa 6 na safe. A unguwannin zama zalla, iyakar ita ce desibel 50 da rana, 35 da dare. A unguwannin da gidaje suka cakuɗa da shaguna, 55 da rana, 45 da dare. A wajen asibitoci kuwa, 45 da rana, 35 da dare. Wanda aka samu da laifin karya ta yana iya fuskantar tara ko ɗauri.

Har ila yau, dokokin hanya na ƙasa sun wajabta wa kowace mota ta kasance da salansa mai aiki. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana da ikon kama motar da ke fitar da hayaƙin da ya wuce kima ko wadda ba ta da cikakkiyar lafiya. Jami'an VIO su ne ke duba mota kafin a ba ta takardar cancantar hawa titi. Wasu jihohi kuma suna da nasu hukumomin kula da hanya, kamar KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna.

Sai dai ba muna cewa a fara da kai ƙara ba. Idan motar maƙwabci ce ke hana ku barci, maigida ya same shi cikin mutunci ya yi masa bayanin halin da iyalinsa ke ciki. Sau da yawa mai motar bai san yana cutar da kowa ba, domin shi kansa jinsa ya riga ya ragu. Idan bai ji ba, a sa dattawa da mai unguwa. Idan tasha ce ko gareji, a je wa shugabannin ƙungiyar direbobi. Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sai mutanen unguwa su haɗu su rubuta koke zuwa ofishin NESREA ko hukumar muhalli ta jiha, su faɗi wuri, da lokutan da ake yin ƙarar, da kuma cewa akwai masu ciki da jarirai da marasa lafiya. Koken jama'a ya fi na mutum ɗaya nauyi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA UWARGIDA ZA TA IYA YI

Ba kowa ke da halin sauya gida ba, amma akwai dabarun da ba sa cin kuɗi:

1. Ki koma kwana a ɗakin da ya fi nisa da titi. Idan ɗaki ɗaya ne, a janye gado daga bangon da ke kallon hanya.
2. A toshe ramukan jikin taga da ƙofa ta ɓangaren titi, a sa labule mai kauri. A bar tagar ɓangaren tsakar gida a buɗe domin iska ta shiga.
3. Idan sana'arki a bakin titi take, ki ja teburinki baya. Duk lokacin da kika ninka tazarar da ke tsakaninki da inji, ƙarar takan ragu da kimanin desibel 6.
4. Idan kina aiki a injin niƙa ko masana'anta, ki nemi a mayar da ke sashen da ba ƙara, musamman daga wata na biyar. Ki gaya mana a wajen awo domin mu taimaka da takarda.
5. Ki zaɓi abin hawa. Kada ki hau babur ko A Daidaita Sahu ko motar da kika ji salansarta a fashe. Ki guji doguwar tafiya a gaban babbar mota, inda kujera ke kan inji.
6. Ki samu ɗan barcin rana don rama wanda kika rasa. Kada ki sayi maganin barci a kemis ba tare da izinin likita ba.

YAUSHE ZA A GARZAYO ASIBITI?

Mai ciki ta zo ba tare da ɓata lokaci ba, ko dare ko rana, idan ta ga ɗayan waɗannan: ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, awon jini ya kai 140 bisa 90, motsin yaro ya ragu ko ya tsaya, zubar jini ko ruwa, jiri ko suma bayan shaƙar hayaƙi.

Game da jariri kuma, a lura da jinsa. Sabon haihuwa yakan zabura idan ya ji ƙara. Zuwa wata 3 yakan yi shiru ko murmushi idan ya ji muryar uwarsa. Zuwa wata 6 yakan juya ya nemi inda sauti ya fito. Zuwa wata 9 yakan yi gwaranci irin su ba-ba-ba da ma-ma-ma. Idan ba ku ga haka ba, ku kawo shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a gwada shi. Kada a ce ai miskili ne, ko gadon gidansu ne jinkirin magana. A sani kuma ba ƙara kaɗai ke kawo kurumta ba. Shawara mai tsanani a makon farko, da sanƙarau, da ƙyanda, da wasu allurai da ake yi barkatai, duk suna jawo ta. Yaron da aka gano matsalarsa aka fara taimaka masa kafin ya cika wata 6 ya fi samun damar koyon magana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

KAMMALAWA

A taƙaice, wucewar mota ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne, amma zama cikin rurin fasasshiyar salansa kullum yana hana uwa barci, yana taɓa jininta, yana isa ga ɗan da ke cikinta, kuma yakan zo tare da hayaƙi mai guba. Toshe kunne ba ya kare ɗan tayi. Gyaran yana wajen bakanike, doka kuma tana bayan mai neman a yi shi. Muna kira ga direbobi, da iyayen samari masu babura, da masu walda da ake kawo wa aikin fasa salansa, su tuna cewa a bayan kowace katanga da suka wuce akwai mai ciki, ko jinjiri, ko marar lafiya da ke neman barci.

Uwargida, kada ki fasa zuwa awo a ranar da aka ba ki, kuma duk abin da ba ki gane ba a wannan darasi ki tambayi ungozomar da ke duba ki. Allah Ya raba lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.